Ina Gyara Ruwan Kifin Mijina a Ɓoye

Anti Asabe, assalamu alaikum. Don Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki taimake ni da wuri, don kwanakin da sunka rage mini ba su kai talatin ba. Na san in kin ga kan maganar za ki yi dariya, ki ce tsohuwa ta ɗauki biro a kan kifi. Ni ma da wata ce ta kawo mini labarin nan shekara uku baya, dariyar zan yi mata. Amma abin ya tsaya mini a rai, kuma babu wanda zan faɗa wa a garin nan da maganar ba za ta koma kunnen maigidana ba.

Ni malamar firamare ce, na yi ritaya. Shekararmu talatin da bakwai da aure. Alhaji direban babbar mota ne, shekara talatin da ɗaya yana ɗaukar albasa daga Aliero zuwa Ikko. Ba mutum ne mai yawan magana ba, amma duk dawowar da zai yi sai ya ba ni labarin teku. Har na haddace labarin wani shago da ya taɓa shiga neman wani ƙarfen mota, ya tarar da akwatin gilashi cike da ruwan teku, da kifaye masu launin da bai taɓa gani ba ko a atamfa. Ya ce ya yi tsaye a gaban akwatin har mai shagon ya kawo mishi kujera.

Shekara huɗu da sunka wuce hawan jini da ciwon baya sunka sauke shi daga mota. Anti, ban taɓa sanin namiji yana iya bushewa yana zaune ba sai a lokacin. Daga masallaci sai tabarma, daga tabarma sai masallaci. In ya ji ƙarar babbar mota a kan titi sai ya ɗaga kai, ya faɗi irin motar da abin da ke damun injinta, sannan ya sake kwanciya har yamma. Tuwo ma sai na zauna na tsare shi kamar ɗan aji ɗaya.

Ɗanmu Jabir, wanda ke aiki a Ikko, shi ya tuna da labarin shagon nan. Ya zo hutun babbar salla da akwatin gilashi mai cin lita tamanin, da buhun gishiri, da wasu duwatsu masu ramuka jiƙe cikin bokiti, da fitila mai shuɗin haske, da ɗan injin da ke kaɗa ruwa. Na ce mishi gishiri kuma, ga shi nan cike da kicin? Ya ce a'a Inna, wannan na teku ne, na miya kashe su zai yi. Ruwan rijiyar burtsatsenmu ma wai bai yi ba sai an bi da shi ta wani injin tacewa. Sunka haɗa komai da solar gidan, sunka zuba ruwa da duwatsu, sai Jabir ya ce kada a sa kifi ko ɗaya sai bayan sati shida, wai sai ruwan ya nuna. Sati shida Alhaji yana zaune gaban akwatin da babu komai ciki sai dutse. Abokinsa Malam Ya'ƙub ya shigo ya gani, ya fita yana cewa Alhaji ya fara kiwon duwatsu. Amma ni na ga abin da Malam Ya'ƙub bai gani ba. Alhaji ya fara tashi da abin yi a ransa.

Da lokaci ya yi, wani direba cikin tsofaffin abokan aikinsa ya kawo kifin daga Ikko cikin kula, a gaban mota. Biyu masu ruwan lemo da farar ɗamara, ɗaya ɗan rawaya mai zama a bakin rami, sai jatan lande guda da 'yan dodon koɗi masu lasar gilashi. Masu ruwan lemon Alhaji ya sa wa babban Direba, ƙaramin Kwandasta, ɗan rawayan kuma Maigadi. Daga baya Jabir ya gaya mishi a irin kifin nan babbar ita ce macen. Alhaji ya yi dariyar da na daɗe ban ji ba, ya ce, "To ai ba Direba ba ce, Malama ce. Dubi yadda taka koran kowa daga wurinta." Malama yake kirana tun muna amarya da ango. Tun ranar muna da Malama biyu a gidan.

Sai murjani. Ni duk rayuwata na ɗauka murjani dutsen wuya ne irin wanda kakata ta bari. Ashe abu ne mai rai. Ƙanana anka kawo, kowane bai wuce kan yatsa ba, manne a jikin dutse. Da safe in fitila ta kama sai su buɗe kamar furen kabewa, wasu kore, wasu ruwan ƙasa, suna kaɗawa. In ba su ji daɗin ruwan ba sai su tsuke. Alhaji ya ce su ne fitilar dashbod ɗinsa, su ke fara faɗa mishi in akwai matsala.

Ba zan ɓoye miki ba, da farko na yi ƙorafi. An hana ni turaren wuta a falon. An hana fesa maganin sauro. In na shafa mai ko na taɓa sabulu ba ni da damar sa hannu a ruwan. Da zafin bazara ya zo, fankar da nake ji da ita anka juya ta tana hura saman ruwa, firjina kuma ya cika da gorunan ruwa masu ƙanƙara da ake jefa musu da rana don kada ruwan ya yi ɗumi. Na ce mishi ni da nake dafa maka tuwo ba a juyo mini fanka ba. Ya ce, "Ke kin saba da Jega, su baƙi na." Matan unguwa suna shigowa kallo, kowace sai ta tambaya yaushe za su girma a ci. Amma mutumin ya dawo, Anti. Ya koma zuwa majalisa bayan La'asar, yana cin abinci, yana tsokanata. Don haka na bar musu fankar da zuciya ɗaya.

Yanzu ga inda matsalar take. Ruwan nan kullum yana raguwa saboda zafi da fanka, gishirin kuma ba ya bin iska, yana nan. Don haka kullum ana ƙara ruwa marar gishiri, duk sati biyu kuma a ɗebi kaɗan a zubar a mayar da sabon haɗi. Ana auna gishirin da wani abu mai kama da 'yar tocila. A ɗiga ruwa a bakinsa, a ɗaga shi wajen haske, a leƙa da ido ɗaya, za a ga layi tsakanin shuɗi da fari a kan wasu ƙananan lambobi. Talatin da biyar ake so. Wannan aikin Alhaji ba ya barin kowa ya yi mishi.

Bara bayan damina murjanin sunka fara tsukewa. Wani kore da ya fi so ya narke gaba ɗaya, ya bar farin dutse. Bayan kwana huɗu munka wayi gari Maigadi yana kwance a gefen raminsa. Alhaji ya ciro shi da kansa, ya naɗe a ganye, ya binne shi gindin lemon tsakar gida. Ranar bai ci komai ba. Ya ce zafi ne. Amma ba lokacin zafi ba ne.

Kwana biyu bayan haka ya miƙo mini abin awon in riƙe mishi zai ɗauko tawul. Ya riga ya leƙa, ya ce gishiri ya yi ƙasa, sai an ƙara. Ban san abin da ya sa ba na ɗaga na leƙa. Arba'in da biyu na gani, ƙarara. Na sake leƙawa. Arba'in da biyu. Sai duk abubuwan da nake gani ina kawar da kai sunka taru mini wuri ɗaya. Shayin da ya zuba a gefen kofi. Ranar da ya gaida ƙanwata da sunan maƙwabciyarmu. Alƙur'aninsa da ya daina buɗewa, ya ce ya fi son karantawa da ka. Kujerarsa da kullum take ƙara matsawa jikin gilashi. Idon Alhaji ke tafiya, kuma shi ke ta zuba musu gishiri da hannunsa yana ganin taimakonsu yake yi.

Na miƙa mishi abin awon kamar ban leƙa ba. Da ya fita majalisa na kira Jabir ta bidiyo, na nuna mishi, na yi kuka. Shi ya koya mini yadda zan sauke gishirin a hankali, kofi-kofi cikin kwanaki, don saukewa lokaci guda ma kisa ce. Na sa shi ya yi mini alkawarin ba zai faɗa wa babansa ba. Tun ranar, wata biyar ke nan, kullum Alhaji zai yi aikinsa da safe, ni kuma in jira ya fita bayan La'asar, in wanke hannu da ruwa zalla, in auna, in gyara abin da ya ɓata, in goge ƙasa, in mayar da kowane abu daidai inda ya aje shi. Ni da nake ƙorafin fanka, yanzu na san wane murjani ke son gefen da ruwa ya fi kaɗawa. Sun warke, har wani ya haihu ya rufe rabin dutse.

Za ki ce me ya hana in faɗa mishi. Abu biyu ne. Na farko, mahaifinsa. Alhaji yana saurayi anka kawo wani mai maganin gargajiya ya taɓa wa tsohon ido da allura don ya cire mishi yanar ido, a zauren gidansu a Kimba, Alhaji na riƙe da kan tsohon. Tsohon bai sake ganin komai ba har ya rasu. Sau ɗaya na gwada cewa mu je a duba mishi ido, ko tabarau ne a ba shi. Ya ce, "Idon da yak kai mota Ikko shekara talatin bai taka ko kaza ba? Babu mai taɓa min shi." Ya tashi ya bar mini ɗakin, abin da bai saba yi ba.

Na biyu ya fi ciwo. Watan jiya Malam Ya'ƙub ya zo, ina kicin ina jin su. Alhaji yana nuna mishi murjanin da ya yaɗu, yana cewa wata huɗu ko ɗaya bai mutu ba, hannun direba ba ya mantuwa. Da baƙon ya tafi na kawo mishi ruwa, ya ce mini ba tare da ya dube ni ba, "Malama, sun karɓe mota, amma ko ba komi akwai abin da nika iya rayawa." Na koma kicin na tsaya gaban murhu, albasa ma ban yanka ba amma hawaye ke zuba. Ta yaya zan buɗe baki in ce mishi ba kai ba ne, ni ce? Sau ɗaya dai ya ɗaga jarkar ruwan tacewa ya jijjiga ta, ya ce wagga jarka tana saurin ƙarewa kwanan nan. Ya aje, bai sake tada maganar ba.

Da a haka za mu ci gaba, wataƙila da ban rubuto ba. Amma ɗiyata Bushira, da ke aure a Sarandosa ta Maiyama, tana da tsohon ciki, kuma likita ya ce tagwaye ne, mai yiwuwa sai an yi mata aiki. Uwar mijinta ta rasu, ga yara biyu ƙanana a gabanta. Ta ce Inna ke nake so. Na ce mata ina zuwa, in zauna har ta yi arba'in. Haihuwar kuma za ta faɗo tsakiyar bazara, lokacin da ruwan akwatin ya fi saurin ƙonewa. In na tafi, ban ba su sati biyu ba. Zai zauna shi kaɗai a gida yana kallon su suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya bai san dalili ba, ko kuma ya gane dalilin ba ni kusa. In na ƙi tafiya, na bar ɗiyata a kan gadon asibiti saboda kifi, kuma ba ni da bakin da zan yi mata bayani. Jabir ya ce zai ɗauki hutu, amma sati ɗaya kawai za su ba shi. Har na yi tunanin in kashe injin da gangan in ce ya lalace, a mayar da kifin Ikko kafin in tafi, sai na ji kunyar kaina.

Na yi ta surutu, ki yi haƙuri. Ban taɓa ɓoye wa mutumin nan komai ba sai wannan. Ina son shi, ina tsoron in karya shi, kuma Allah ya sani na fara son kifin nan ni ma. Ki gaya mini yadda zan yi.

Matar Direba, Jega Firchin

*

Wa alaikumus salam, Malama. Ban yi dariya ba, sai a wurin fankar.

Bari in fara da abin da ba ya buƙatar dogon tunani. Ki tafi wurin Bushira. Mace mai tagwaye da ɗinki a ciki tana buƙatar uwarta, kuma Alhajin da kika kwatanta mini, in ya ji daga baya cewa kin bar 'yarsa saboda akwatinsa, wannan zai fi mutuwar kifin yi masa ciwo. Maganar kashe inji kuma ki bar ta inda kika bar ta. Kunyar da kika ji ta gaya miki gaskiya.

Abin da kika yi wata biyar ɗin nan ƙauna ce, ba na kiran sa da wani suna. Kin ga mutum ya miƙe bayan ya faɗi, kin tsaya a bayansa kin tare shi bai sani ba. Amma ki dubi ɗaya gefen tare da ni. Akwatin nan shi ne abu ɗaya da ya rage wanda yake nuna wa Alhaji gaskiyar idonsa, ke kuma kullum bayan La'asar kina goge shaidar. Wasiƙarki kusan duk a kan kifi take, ni kuwa abin da ya tsaya mini shi ne mutum mai hawan jini wanda ganinsa ke raguwa wata da watanni babu likitan da ya duba. Ni ba likita ba ce, ba zan ce miki ga abin da ke damunsa ba. In yanar ido ce, aikinta a asibiti yau ba shi da alaƙa da abin da aka yi wa mahaifinsa a zaure, mutane da yawa suna shiga da safe su kwana a gidajensu. Amma akwai ciwon ido da ba yana ba, wanda abin da ya ci ba ya dawowa, sai dai a tsare abin da ya rage. Irin wannan kowane wata yana da tsada. Murjani in ya mutu Jabir zai aiko da wani. Ido fa?

Don haka ki faɗa masa, cikin satin nan, tun kina da kwanakin da za ki zauna kusa da shi bayan ya ji. Kuma ina zaton ba za ki ba shi mamaki yadda kike tsoro ba. Mutumin da ke gane ciwon inji daga ƙararsa a kan titi, ya jijjiga jarka ya ce tana saurin ƙarewa, sannan bai sake tayar da maganar ba. Shi ya zuba shayin a gefen kofi, shi ya rufe Alƙur'aninsa. Ya san idonsa fiye da ke. Mai yiwuwa kowannenku yana ɓoye wa ɗan'uwansa abu ɗaya ne, kowa yana tausayin kowa, gidan ya cika da shiru.

Yadda za ki faɗa yana da muhimmanci. Kada ki ce masa ba shi ba ne, ke ce, domin ba gaskiya ba ne. Wa ya zauna sati shida gaban dutse? Wa ya san lokacin jefa ƙanƙara, wa ya hana turare, wa ke ba su abinci? Duk abin da kika iya a kan akwatin nan a gidansa kika koya, kina kallon hannunsa. Lamba ɗaya ce ta gagare shi karantawa, ke kika karanta masa. Ki faɗa masa haka. Ki nemi afuwarsa a kan ɓoyewar, ba a kan gyaran ba. Maganar ɗan rawayan da ya binne, kada ki kawo ta da kanki. In ya tambaya, kada ki yi masa ƙarya. Zai iya yin fushi, ya bar miki ɗaki kwana ɗaya ko biyu. Ki bar shi ya yi, hakkinsa ne. Ki kuma saki Jabir daga alkawarin nan, bai kamata ɗa ya riƙa gaisawa da mahaifinsa yana riƙe da sirri a kansa ba.

Maganar asibiti kada ki haɗa ta da wannan a zama ɗaya, kuma kada ki ɗauke ta ke kaɗai. Tsoronsa ba taurin kai ba ne, da hannunsa ya riƙe kan mahaifinsa. Ki nemo mutum a majalisarsu ko a cikin tsofaffin direbobi wanda aka yi wa aikin ido ya warke, ya zo ya ba shi labari da bakinsa. Abin da za ku roƙe shi da farko dubawa ce kawai, a Birnin Kebbi ko Sakkwato, babu mai taɓa shi sai da yardarsa. Satin hutun Jabir a nan ya kamata a kashe shi, ba a gadin kifi ba.

Yanzu kifin. Ni ko tarwaɗa ban taɓa kiwo ba, don haka na kai wasiƙarki, ba tare da sunan gari ba, wurin ƙanin maigidana Waliyyu, wanda ya shekara takwas yana fama da irin akwatin nan a Kaduna. Ya ce in gaya miki Alhaji ba ya buƙatar leƙa abin awo kullum. Ranar da kika auna kika ga talatin da biyar, ki manna wani abu mai kauri a bayan gilashin daidai inda ruwan ya tsaya, abin da yatsa zai ji. Daga nan aikin kullum shi ne a cika da ruwa marar gishiri har zuwa alamar, safe da yamma in fanka na aiki. Muddin ba a ƙara gishiri ba, lambar ba za ta yi nisa ba. Buhun gishirin kuma ku ɗaure bakinsa tare, ku ajiye shi har ki dawo.

Ruwan canji ki haɗa shi da kanki kafin ki tafi, ki auna, ki rufe a jarkoki masu tsabta a inuwa, zai yi makonni bai lalace ba. Ki ɗaura tsumma a hannun jarkokin gishiri don ya bambanta su da na ruwan cikawa ko bai duba ba. Lita takwas duk sati biyu ta isa akwati mai kifi biyu. Abincinsu ki ƙulla na kowace rana daban a 'yar takarda, domin Waliyyu ya ce mai kewa yakan cika hannu, kuma yawan abinci ya fi yunwa ɓata ruwa. Kada a kawo sabon kifi ko sabon murjani a cikin kwanakin nan. A duba batirin sola tun yanzu, saboda in injin kaɗa ruwa ya tsaya a zafin bazara, sa'o'i kaɗan sun isa. Akwai kuma abin awon gishiri mai batir da ke nuna lamba manya a fuskarsa, Jabir zai same shi a Ikko. Sannan Sarandosa ba bayan duniya ba ce. In jikin Bushira ya yi ƙwari, ki zo ranar Juma'a ɗaya ko biyu ki auna, ki ga mijinki, ki koma da yamma.

Duk wannan shiri ku yi shi tare, shi yana ba da umarni ke kina karanta lamba. Kin ce ba ya barin kowa ya taɓa masa aikin nan. Babu direban da ya taɓa kai mota Ikko ba tare da wani ya tsaya a baya yana ce masa taho, taho, tsaya ba, kuma ba a taɓa cewa mai faɗar hakan shi ya tuƙa motar ba. Wannan yaren zai gane shi.

Ba zan yi miki alkawarin babu abin da zai mutu a akwatin kafin ki dawo ba. Bazarar Kebbi ba wasa ba ce. Amma in ma wani abu ya mutu, zai mutu ne a gidan da mutum biyu suka san gaskiya, kuma wannan ana iya jure shi.

Allah ya sauki Bushira lafiya, ya raya abin da za ta haifa. Allah ya tsare wa Alhaji ganinsa, ya sanyaya zuciyarsa a lokacin da zai ji maganar. Ke kuma Malama, shekara talatin da bakwai kina faɗa wa mutumin nan gaskiya yana zaune da ke. Ba wannan ce za ta raba ku ba. Ki yi bismillah ki faɗa masa.

Anti Asabe